Yadda Ake Ceto Fayiloli Daga Faifan Kwamfutar Da Bairos Ya Lalata

Masu karatu sun sha aiko mini da tambaya iri ɗaya: "Bairos ya cinye mini fayiloli, akwai yadda za a yi?" A mafi yawan lokuta akwai. Ƙwayar cutar kwamfuta manhaja ce, ba ta da ikon fasa faifan ajiyar da masu gyara ke kira had-disk. Ɓarnarta ba ta cika wuce ɗaya daga cikin huɗu ba: ko ta ɓoye fayiloli, ko ta goge su, ko ta hargitsa tsarin da Windows ke bi ya gane faifan, ko kuma ta garƙame fayilolin ta nemi kuɗin fansa. Ukun farko suna da magani a hannun duk mai haƙuri. Na huɗun ne mai wuya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, sau da yawa mai kwamfutar ne ke ƙarasa ɓarnar da hannunsa. Hankali ya tashi, sai ya yi fomat, ko ya ɗora sabon Windows, ko ya cika faifan da manhajojin ceto. Saboda haka ka bi matakan nan a jere. A fara ceto bayanai tukuna, wanke kwamfuta ya zo daga baya.

Kayan da za ka tanada

Kana buƙatar wata kwamfuta lafiyayya mai antibairos da aka sabunta. Sai faifan ajiya na waje wanda ya fi mai ciwon girma, in da hali ya ninka shi. Sai 'yar adaftar da ke haɗa faifan ciki da ramin USB, da falash mai gigabait 8 ko fiye wanda babu komai a kansa, da ƙaramin sukundireba. Duk manhajojin da zan ambata kyauta ne. Kuɗinka zai tafi ne wajen faifan waje, adaftar kuwa ba ta kai shi tsada ba ko kusa.

1. Dakatar da komai

Cire wayar intanet, ka kashe Wi-Fi, ka zare duk wani falash ko faifan waje da ke jikin kwamfutar. Idan akwai saƙo a fuskar kwamfutar, ɗauki hotonsa da wayarka. Sannan ka kashe ta.

Ga dalilin wannan gaggawa. Idan aka goge fayil, ba a share ainihin bayanansa daga faifai ba. Sunansa kawai ake cirewa daga jerin da kwamfuta ke dubawa, a ce gurbinsa ya zama fanko. Kamar littafi ne da aka yage shafin da ke nuna inda kowane babi yake: babukan suna nan, hanyar zuwa gare su ce ta ɓace. Amma Windows ba ya daina rubuce-rubuce a faifai muddin yana kunne, ko da ba ka taɓa komai ba, kuma duk abin da ya rubuta yana iya hawa kan wancan gurbin. Abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Gargaɗi: idan ka ga sunayen fayiloli suna sauyawa a gaban idonka, ko takardar neman fansa ta bayyana, zaɓi "Hibernate" in akwai shi, wato kwantar da kwamfutar tare da adana abin da ke ƙwaƙwalwarta, maimakon kashewa gaba ɗaya. Wani lokaci makullin buɗe fayilolin yana nan a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfutar. A harin bairos mai neman fansa WannaCry na watan Mayun 2017, manhajar WanaKiwi ta ceci wasu mutane, amma sai waɗanda ba su riga sun kashe sun sake kunnawa ba.

2. Gane irin ɓarnar

Tuna abin da ka gani kafin ka kashe. Idan foldoji sun koma 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a kusurwa, alhali faifan na nuna har yanzu a cike yake, ɓoyewa aka yi, kuma aikinka yana mataki na 6. Idan fayiloli sun ɓace kuma sarari ya ƙaru, gogewa ce, mataki na 7. Idan Windows ya ƙi tashi, ko faifan yana nuna RAW, wato Windows bai gane tsarinsa ba, ko yana neman a yi masa fomat, mataki na 8. Idan kuwa kowane fayil ya sami wani baƙon ƙari a ƙarshen sunansa kuma ya ƙi buɗuwa, mataki na 9 ne naka. Ko wanne ne, kada ka tsallake na 3 zuwa na 5.

3. Duba faifan ba tare da ka tada Windows ɗinsa ba

Hanya biyu ce. Ta farko, ka cire faifan ka haɗa shi da lafiyayyar kwamfutar ta adafta. Zare wayar wuta da batir kafin ka kwance komai, ka taɓa wani ƙarfe don sauke wutar da ke taruwa a jikin mutum. Faifan laptop mai inci 2.5 yana wadatuwa da wutar USB. Na babbar kwamfuta mai inci 3.5 sai adafta mai nata filogin, domin yana buƙatar wuta mai bolt 12. Sababbin laptop da yawa suna ɗauke da siririn SSD, wato faifai marar juyawa, nau'in M.2, shi kuma gidansa daban ne, don haka ka duba naka kafin ka saya.

Hanya ta biyu ita na fi so, musamman idan faifan ba ya ciruwa. Sauke Ubuntu, wani nau'in Linux da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a lafiyayyar kwamfutar, ka rubuta shi a falash da manhajar Rufus, ka tada mai ciwon daga falash ɗin, ka zaɓi "Try Ubuntu". Bairos ɗin Windows ba ya motsi a cikin Linux, don haka za ka yi aikinka cikin natsuwa.

Gargaɗi: kada ka danna "Install Ubuntu", zai iya share faifan. A Windows kuma, idan saƙo ya fito cewa sai an yi wa faifan fomat kafin a yi amfani da shi, danna "Cancel". Haka idan ya nemi ya duba ya gyara maka shi. Kada ka buɗe wata manhaja ko wata alama mai kibiya daga cikin faifan.

Idan aka tambaye ka makullin BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai, lambobi 48 ne. Galibi suna ajiye a asusunka na Microsoft, ko wajen sashen kwamfuta idan ta wurin aiki ce. In babu su, babu abin da za a karanta daga faifan.

4. Tabbatar faifan kansa lafiya yake

Mutane kan ɗora wa bairos laifin da ba nasa ba. Tsohon faifai da ya fara mutuwa yana sa kwamfuta nauyi, fayiloli su riƙa lalacewa, kowa ya ce cuta ce. Kasa kunne tukuna. Idan kana jin "ƙas, ƙas, ƙas" a kai a kai, ko ƙarar goga, ko faifan ya fara juyawa ya tsaya, cire shi daga wuta nan take. Allurar da ke karatu ce ta sami matsala, kuma duk kunnawar da ka ƙara tana iya karce fuskar da bayanan ke kai.

Idan shiru yake, buɗe CrystalDiskInfo a Windows, ko manhajar "Disks" a Ubuntu, ka duba rahoton da faifan ke bayarwa game da kansa. "Good" na nufin ka ci gaba. "Caution" na nufin wasu sassa sun fara lalacewa, don haka mataki na gaba ya zama dole.

Gargaɗi: kada ka kwance murfin faifai, kada ka sa shi a firji, kada ka bubbuga shi. Tazarar da ke tsakanin allura da fuskar faifai ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kamfanonin ceto bayanai suna buɗe shi ne a ɗaki mai tace iska, kuma kuɗinsu yakan ninka kuɗin sabon faifai sau da yawa. Kafin ka miƙa, nemi su faɗi farashi a rubuce, su nuna maka jerin abin da suka samo, ka kuma ji ko za ka biya idan ba a sami komai ba.

5. Kwafe faifan ɗungurungum

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke ba ka damar yin kuskure ba tare da asara ba. Kwafin da nake nufi ya bambanta da jan foldoji zuwa wani wuri. Ana ɗaukar kowane sashe na faifan ne, har da wuraren da ake ganin fanko ne, inda gogaggun fayiloli ke kwance, a zuba cikin babban fayil guda.

A Ubuntu, haɗa faifan waje, ka buɗe "Terminal", wato wurin rubuta umarni, ka girka kayan aikin:

`sudo apt install gddrescue testdisk`

Idan ya ce bai same su ba, kunna rumbun "universe" a saitin manhajoji, ka sake gwadawa. Sai ka rubuta `lsblk` don ganin sunayen faifai. Za ka ga irin su sda da sdb, ko nvme0n1 idan SSD ne na M.2. Da girmansa za ka gane mai ciwon. A ce shi ne sda. Shiga cikin faifan waje, ka buɗe "Terminal" daga can, ka rubuta:

`sudo ddrescue -n /dev/sda kwafi.img taswira.map`

Wannan zagaye na farko yana kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ya tsallake masu taurin kai. Idan ya gama kuma akwai sauran da bai karanta ba, maimaita umarnin ka sa `-r3` a madadin `-n`, zai koma musu har sau uku. Fayil ɗin taswira shi ke tuna inda aka tsaya, ko da wuta ta ɗauke za a ɗora daga nan. Faifai mai terabait 1 yakan ci sa'o'i, mai rauni kuwa har kwanaki.

Gargaɗi: faifan da ake karantawa ke zuwa farko a umarnin, wurin ajiya ya biyo baya. Karanta layin sau biyu kafin ka danna "Enter". Sannan faifan waje kada ya kasance FAT32, domin ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4. NTFS ko exFAT ake so.

Da kwafin ya kammala, cire faifan asali ka ajiye. Manhajojin ceto TestDisk da PhotoRec suna buɗe kwafin kai tsaye, a Windows kuma manhajar OSFMount na nuna shi tamkar faifai, ka zaɓi yanayin karatu kawai. Idan ba ka da sararin yin wannan kwafi kuma faifan lafiya yake, za ka iya aiki a kansa kai tsaye, da sharaɗin kada ka ajiye komai a kansa.

6. Idan ɓoyewa aka yi

Wannan ce mafi sauƙi, kuma ita ta fi yawa a falash da faifan waje. A Ubuntu galibi za ka tarar da foldojinka a fili, sai ka kwashe. Duba har cikin folda marar suna ko mai baƙon suna, domin wasu ƙwayoyin can suke tattara komai. A Windows, buɗe "Command Prompt" a matsayin mai gudanarwa, ka rubuta wannan, kana sauya E da harafin faifanka:

`attrib -h -r -s /s /d E:\*.*`

Umarnin yana cire alamar ɓoyewa daga kowane fayil da folda. Zai yi kamar ya daskare idan fayilolin na da yawa, ka ba shi lokaci.

Gargaɗi: tabbatar da harafin, kada ka yi shi a kan C na lafiyayyar kwamfutar. Alamomin nan masu kibiya kuma su ne tarkon, danna ɗaya yana tada bairos ɗin. Kada ka kwafe su, haka fayil mai suna autorun.inf da masu ƙarewa da .vbs ko .lnk.

7. Idan gogewa aka yi

Fara da wurare masu sauƙi. Shiga OneDrive ko Google Drive ta burauzar wata na'ura ka duba kwandon shara. Google Drive na riƙe abin da aka goge kwana 30, haka OneDrive na asusun mutum ɗaya. Duba imel ɗin da ka taɓa aikawa da wayarka. Abin da ka samu a nan ya fi wanda manhaja za ta tono inganci.

Daga nan sai Recuva. Girka ta a lafiyayyar kwamfutar, ka nuna mata faifan, ka fara da binciken sama-sama, in bai wadatar ba ka kunna "Deep Scan". Tana sa ɗigo kusa da kowane fayil: kore alamar yana nan lafiya, ja alamar an riga an hau kansa. Microsoft ma na da tasa, Windows File Recovery, wadda ta fito a 2020. Misali, don nemo takardun Word daga E zuwa F:

`winfr E: F: /extensive /n *.docx`

Idan waɗannan sun gaza, PhotoRec ce ta ƙarshe, wadda Christophe Grenier ya rubuta tare da TestDisk. Ita ba ruwanta da jerin sunaye. Tana bin faifan sashe-sashe tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita, kuma ta san ɗaruruwan nau'o'i, ba hotuna kaɗai ba. Buɗe kwafin da `photorec kwafi.img`. Kafin ka fara, shiga "File Opt" ka zaɓi nau'o'in da kake nema kawai, in ba haka ba za ta zubo maka dubban tarkacen Windows. Ka sani kuma sunayen asali ba za su dawo ba. Za ka tarar da foldoji recup_dir.1, recup_dir.2, cike da fayiloli masu suna irin f0012345.jpg. Tantance su aiki ne na zama. Jera su bisa girma, manyan hotuna su ne naka, ƙananan galibi tarkacen shafukan intanet ne. Manyan bidiyo sukan fito a gutsure idan a warwatse suke a faifan.

Gargaɗi: wurin da za a zuba abin da aka ceto dole ya zama wani faifai daban. Idan kuma faifanka SSD ne, ka rage buri. Akwai umarni mai suna TRIM da ke sa shi share gurbin gogaggen fayil da kansa jim kaɗan bayan gogewa. Game da manhajojin kuɗi, yawancinsu suna bari ka ga abin da suka gano kyauta. Kada ka biya sai ka buɗe samfurin fayil ka ga abin da ke ciki da idonka, ganin suna a jeri bai isa ba. Kada kuma ka sauke wadda aka fasa, nan ne ƙwayoyin cuta suka fi ɓuya.

8. Idan faifan ya koma RAW ko ɓangarensa ya ɓace

A nan galibi bayanan suna nan cif, teburin da ke nuna inda kowane ɓangare ya fara ne ya lalace. Buɗe `testdisk kwafi.img`, ka amince da nau'in teburin da ta gano da kanta, ka zaɓi "Analyse", sai "Quick Search". Idan ɓangaren ya bayyana, danna P ka ga abin da ke ciki. In ka ga foldojinka da sunayensu, alhamdulillahi: zaɓe su da harafin a, ka danna babban C don kwafe su zuwa faifan waje. Idan bai bayyana ba, gwada "Deeper Search".

Gargaɗi: kada ka taɓa "Write" sai ka gama kwashe komai. Ka kuma guji chkdsk a wannan hali, duk da yawan masu ba da shawararsa. Aikinsa daidaita tsarin faifai ne ko da hakan zai sa ya yanke fayilolinka, ya bar maka gutsattsari masu ƙarewa da .chk.

9. Idan an kulle an nemi fansa

Zan faɗa maka gaskiya: idan an yi kullewar yadda ya kamata, babu mai gyaran da zai fasa ta. Recuva da PhotoRec ba sa buɗe kulle. Amma akwai ƙofofi da ya kamata ka ƙwanƙwasa.

Ɗauki takardar fansar da ƙaramin fayil ɗaya da aka kulle wanda ba na sirri ba, ka ɗora a shafin ID Ransomware ko na No More Ransom. Na biyun an kafa shi ne a 2016, haɗin gwiwar hukumar 'yan sandan Turai Europol, 'yan sandan Holan, da kamfanonin antibairos Kaspersky da McAfee, kuma yana tara manhajojin buɗewa kyauta. Za su gaya maka sunan abin da ya kama ka da ko yana da magani. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sha kama masu kwamfutar gida shi ne STOP/Djvu, mai barin takarda _readme.txt, kuma yawanci ta fasassun manhajoji yake shigowa. Kamfanin Emsisoft na da manhajar buɗe shi, sai dai a sababbin nau'o'insa tana aiki ne kawai idan ƙwayar ta kasa kaiwa ga uwar garkenta lokacin kullewa, ta yi amfani da makullin da ke jikinta, kuma an riga an samo wannan makullin.

Gwada manhajar buɗewa a kan kwafin fayil, kada a kan na asali. Gudanar da PhotoRec ma, domin wasu ƙwayoyin suna kulle kwafi ne su goge na asali, kuma akan tsinci wani abu. Idan fayilolin na kan OneDrive ko Google Drive, duba tarihin kowane fayil ka dawo da na kafin harin.

Batun biya, shawarata kada ka biya. Babu tabbacin za a turo makulli. NotPetya na watan Yunin 2017 ya nemi fansa alhali an ƙera shi ta yadda ba za a iya dawo da komai ba. Ka yi hattara kuma da masu tallan cewa za su buɗe maka kowane iri, wasunsu biyan ɓarayin suke yi su ɗora ribarsu, wasu kuma su tsere da kuɗin. Ajiye kullallun fayilolin tare da takardar fansar a faifai daban, domin an sha fitar da makullai bayan an kama gungun ko sun watse. Ka kuma kai rahoto ga hukumar da ke kula da laifukan intanet a ƙasarka.

10. Tace abin da ka ceto

Kafin ka buɗe komai, sa antibairos ya binciki foldar duka, ka ƙara da na biyu kamar Malwarebytes. Saita su su killace abin da suka kama maimakon gogewa, domin wani lokaci takardarka ce mai muhimmanci cutar ta manne wa. Takardu, hotuna, sauti da bidiyo kaɗai za ka ɗauka. Bar duk mai ƙarewa da .exe, .scr ko .bat, ko da manhajar da ka sani ce, saboda ƙwayoyi irin su Sality da Virut cikin irin waɗannan fayiloli suke shiga. Kunna nuna ƙarshen sunan fayil a Windows don ka gane mai shigar burtu irin takarda.pdf.exe. Idan Word ko Excel ya nemi ka danna "Enable Content" a takardar da ba ka san ta da wannan ba, ƙi.

Sai ka buɗe muhimman fayilolin ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar suna karantuwa har ƙarshe. Kada ka goge kwafi.img kafin ka gama wannan.

11. Wanke kwamfutar, ka mayar da kaya

Yanzu ne lokacin fomat ya yi. Haɗa falash ɗin girka Windows daga shafin Microsoft a lafiyayyar kwamfutar, ka goge dukkan ɓangarorin faifan yayin girkawa, ka bar shi ya gama sabunta kansa kafin ka mayar da fayil ko ɗaya. Idan rahoton mataki na 4 ya nuna "Caution", sayi sabon faifai, kada ka sake dogara da wannan.

Sauya kalmomin sirrinka daga wata na'ura mai tsabta, ka fara da imel, sai banki, sai sauran, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. STOP/Djvu da ire-irensa sukan zo tare da manhajar satar kalmomin da burauza ta adana. Binciki duk falash da ya taɓa shiga tsohuwar kwamfutar kafin ya shiga sabuwar. Fayilolin da ka ceto kuma ka ajiye su wuri uku: a kwamfutar, a faifan waje da kake zarewa da zarar ka gama kwafi, da kuma a ma'ajiyar intanet mai riƙe tsofaffin kwafin fayil.